JAKAR BAL'AMU DA KAREN ƘOFAR GIDA



Akwai ranaku biyu da suke kusa da juna a kalandar kowace shekara, kwana shida ne kawai tsakaninsu. Ta fari ita ce 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da ciwon haukan kare. Ta biyu ita ce 4 ga Oktoba, idin Waliyi Francis na Assisi, mutumin da ya riƙa kiran tsuntsaye da namun jeji 'yan'uwansa. Saboda waɗannan ranaku biyu nake so mu yi tunani a kan kare. Na san wani zai ce, "Haba Fada, ga tsadar masara, ga kuɗin makaranta, ga rashin tsaro, sa'an nan a zo ana yi mana wa'azin kare?" Amsar ita ce, rashin tsaron nan shi ne ya sa kare ya shigo gidajenmu da yawa a Tudun Wada da kewaye, kuma idan abin ya ɓaci tsakanin kare da mutanen gida, 'ya'yanmu ƙanana ne ake ɗauka a guje zuwa asibiti. Ashe kuwa maganar ta shafe mu.

Bari mu fara daga Littafin Ƙidaya, sura 22. Bal'amu mutum ne da ake girmamawa saboda duba, har sarkin Mowab, watau Balak, ya aika masa da jakadu da alkawarin lada domin ya zo ya la'anci Isra'ilawa. Ya ɗaura wa jakarsa sirdi ya kama hanya. Mala'ikan Ubangiji ya tsaya a gabansa da takobi a zare, amma Bal'amu bai gan shi ba. Jakar ce ta gani. Ta ratse cikin gona, ya doke ta. Suka shiga wata siririyar hanya tsakanin garka da garka, ta raɓa da bango har ta matse masa ƙafa, ya sake dukanta. Da suka kai inda babu damar kaucewa dama ko hagu, sai ta gurfana a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya hasala ya ɗora mata sanda karo na uku. A nan ne Allah ya buɗe bakin jakar. Ta tambaye shi laifin da ta yi masa, sa'an nan ta tuna masa shekarun da ya yi yana hawanta, ta nemi ya faɗa ko ta taɓa yi masa haka. Dole ya amsa cewa ba ta taɓa ba. Daga baya idonsa ya buɗe, mala'ikan ya sanar da shi cewa kaucewar jakar ce ta ceci ransa.

Ku lura da inda Bal'amu ya kasa. Yana da hujja a hannunsa tun daga ratsewar farko: dabbar da ya sani shekara da shekaru da biyayya, yau ta sake hali. Mai hankali zai sauka ya duba hanya. Shi kuwa sai ya ɗauki abin a kan raini ne, yana ganin jakar ta mai da shi abin dariya a gaban barorinsa biyu. Girman kai ne ya fassara masa motsin dabbar, sanda ta biyo baya. Mai duba da ake biya domin ya hango abin da ke ɓoye, ga shi ya kasa karanta jakar da yake zaune a kanta. Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka yake ga dabba: ba ta da dabarar ɓoye nufi irin ta ɗan Adam, abin da ya dame ta shi take nunawa da jikinta.

To, mu dawo gida. Yawancinmu mun ɗauko kare ne domin gadi. Aka kawo kwikwiyo a kwali, yara suka yi murna mako biyu, da ya fara girma sai aka sayo sarƙa. Tun daga ranar nan duniyarsa ta zama taku uku gaba, taku uku baya, a gindin bango ko bayan banɗaki. A nan yake ci, a nan yake kashi, a nan ruwan sama yake dukansa. Akwai ma masu cewa sai an kulle shi cikin duhu duk yini, kada ya ga kowa, sa'an nan zai yi zafi. Wasu suna zuba masa barkono a abinci, wasu suna yanke masa wutsiya ko kunne, wai don ya ƙara faɗa. Lalle zai yi faɗa, amma faɗan tsoro ne, kuma kare mai tsoro ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maigida. Ranar da sarƙa ta tsinke, wanda ya fara tarar da shi shi ne zai sha. An ɗauko kare don haushi, ya koma tunkuyi.

Kare halitta ce ta zaman tare. Littafin Tobit, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika, ya ambaci wani kare sau biyu kawai: sa'ad da saurayi Tobiya ya tashi daga Nineba zuwa Midiya tare da mala'ika Rafa'ilu, karen ya bi su; sa'ad da suke komowa, yana nan tare da su. Bai yi wata bajinta ba, ba a ba shi suna ba, amma marubucin bai ga ya dace a bar shi a baya ba, gama shi ma ɗan tafiyar ne. Ku dubi mafarautan ƙasar nan da rani, in sun fito da karnukansu. Babu sarƙa, babu igiya, fito ɗaya ya isa kare ya juyo. Mafarauci yana yawo da karensa, yana magana da shi, yana raba masa abin da aka samu; shi ya sa karen yake jin kiransa. Karen da yake kuka da tsakar dare, ko yake ta zagaye wuri ɗaya, ko yake haƙa gindin katanga, ko yake lasar ƙafarsa har ta yi gyambo, sau da yawa kaɗaici da zaman banza ne suka yi masa yawa. Maganin bai fi ƙarfinmu ba: a fita da shi da igiya da sassafe ko da yamma, a bar shi ya shinshina ƙasa yadda yake so, gama da hanci yake sanin labarin unguwa, kamar yadda mu muke sauraron rediyo. Idan dole ne a ɗaure shi wani lokaci, igiyar ta yi tsawo, abin wuyan kada ya ci fata, kuma a kwance shi kowace rana.

Sai maganar zafi. Mu muna gumi ta duk jikinmu, kare kuwa ba haka aka yi shi ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, sauran sanyaya jiki da haki yake yi. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Zariya yake kusantar digiri 40, karen da aka ɗaure a kan siminti ko aka sa a ɗakin kwano ba tare da inuwa da ruwa ba yana iya mutuwa kafin la'asar. In kun ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, harshe a waje ya yi jawur, yana tangaɗi, ku kai shi inuwa, ku jiƙa jikinsa da ruwa, ku nemi likita. Na san a gidaje da yawa sayen ruwa ake yi a hannun 'yan garuwa, kowane kofi da lissafinsa. Duk da haka kwano ɗaya na kare ba shi ne zai ƙarar da jarka ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da labarin da suke ba 'ya'yansu, na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo masa ruwa da takalminsa, Allah ya gafarta masa saboda wannan. Abin kunya ne a ce sun san wannan, mu kuwa da muke kiwon karen muna barin kaskonsa a bushe.

Yunwa ma tana da nata harshe. Akwai tsohon labari da mabiyan Waliyi Francis suka adana bayan rasuwarsa a 1226, game da garin Gubbio a ƙasar Italiya. Wani kyarkeci, watau irin karen jeji na ƙasashen can, ya addabi garin, yana kashe dabbobi har da mutane. Kowa yana neman hanyar kashe shi. Francis ya fita ya same shi, ya tsauta masa a kan ɓarnar da ya yi, sa'an nan ya gane cewa yunwa ce take kora shi. Sai ya ƙulla yarjejeniya: mutanen gari su riƙa ciyar da shi, shi kuwa ya bar ɓarna. An ce ya yi shekara biyu yana bi gida gida lafiya har tsufa ya ɗauke shi. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa ya karɓi labarin a kan tarihi tabbatacce, amma hikimar da ke ciki a fili take. Francis bai ce ɓarnar ba kome ba ce. Ya nemo tushenta ya toshe. Karen da yake kama kajin maƙwabta, ko yake tonon bola a bakin kasuwa, a fara tambaya yaushe rabonsa da ƙoshi. Ƙanzon tuwo kaɗai sau ɗaya a kwana biyu ba abinci ba ne. Yana bukatar ɗan nama, ko kifi, ko ƙwai, ko wake, gwargwadon hali. A kiyaye ba shi albasa da yawa, gama tana lalata masa jini, da ƙasusuwan kaza dafaffu, waɗanda suke tsagewa su soke hanji. Matar nan Bakan'aniya ta Bisharar Matiyu sura 15, da ta roƙi Yesu saboda 'yarta, da misalin karnukan gida masu cin abin da ya faɗo daga teburin maigida ta kafa hujjarta, Ubangiji kuwa ya yaba bangaskiyarta. Ta san cewa a gidan kirki kare yana da rabonsa.

Yanzu ga abin da na fi so iyaye su riƙe. Allah bai buɗe bakin karnukanmu yadda ya buɗe na jakar Bal'amu ba, amma ya ba su alamu, kuma kare ba ya cika cizo sai ya yi gargaɗi. Da farko ya kan kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba don barci ba. In abin da yake tsoro bai gushe ba, sai ya kwantar da kunne baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya nemi hanyar janyewa. In babu hanya, sai jikinsa ya sandare, farin idonsa ya fito, ya fara gurnani, ya yage leɓe. Cizo shi ne na ƙarshe. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce; in wutsiyar tana tsaye ƙyam tana rawa kaɗan kaɗan, jiki a ɗaure, a ja da baya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a doki kare saboda ya yi gurnani. Gurnanin nan roƙo ne, yana cewa a ba shi wuri. Wanda ya doke shi ya koya masa cewa gargaɗi ba shi da amfani, gobe sai ya tsallake gargaɗin ya kai baki kai tsaye, sa'an nan a ce, "Ai haka kawai ya cije shi." Ba haka kawai ba ne. Sau uku jakar ta yi magana da jikinta kafin ta yi da baki.

Haka kuma duka bayan an gama laifi ba ya koyar da kome. Kun dawo daga Misa kun tarar kwikwiyo ya tattauna takalmi, kun ɗauko bulala. Shi bai san abin da ya haɗa bulalar da takalmin da ya tauna tun da hantsi ba. Abin da ya koya shi ne dawowar maigida abin tsoro ce. Kwikwiyo yana sake haƙora har wajen wata shida, dasashinsa yana ƙaiƙayi, dole ya tauna wani abu. A ba shi abin taunawa nasa, a ɗauke takalma. In ya yi abin da ake so, a yaba masa nan take da murya mai daɗi ko ɗan abinci. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako takwas, kuma a watanninsa uku na farko a bar shi ya saba da yara, da baƙi, da ƙarar babur, da kaji da awaki, a hankali, gama abin da ya saba da shi a wannan lokaci ba ya cika tsoronsa in ya girma. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da samari suke ta fasa nokawut, ku tuna kunnen kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Ku ba shi lungun da zai ɓuya, kada ku yi masa dariya yana makyarkyata.

Sai tambayar jakar: na taɓa yi maka haka? Karen da aka sani da sanyin hali, in ya wayi gari yana kai cizo in an taɓa shi, ko ya ƙi abinci, ko ya shige ƙarƙashin gado, to, ciwo ne. Kaska tana shan jininsa tana kuma sa masa cutar da take mai da dasashi fari. Tsutsar ciki tana ramar da shi. Ƙudaje suna cin bakin kunnensa har ya yi jini. Kirci yana hana shi barci. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona, guba ne a gare shi da yaran da suke taɓa shi. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri a nan, domin tun 1964 Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da likitancin dabbobi a Samaru, tana kuma da asibitin dabbobi a can. Daga Tudun Wada tafiyar mota ce ta ɗan lokaci.

Akwai sauyin hali ɗaya da ba a yi masa jinkiri. Kare ya fara cizon duk abin da ya gani, har itace da ƙarfe, ko muryarsa ta sake, ko yawu yana dalala ya kasa haɗiya, ko ƙafafun baya suna shanyewa. Wani ma ba ya faɗa, sai dai ya yi shiru baki a sake. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. A tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a kira likitan dabbobi. In ya mutu, kada a feɗe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma ana iya tare shi kafin nan, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya rayu. Saboda haka in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya ga toka, ko gashin karen, ko saiwa. Yi wa mai ciwo addu'a wajibi ne, a yi ta a kan hanyar asibiti. Cutar tana iya kwanciya wata biyu ko uku ba a ga kome ba, don haka warkewar rauni ba shaidar tsira ba ce. Karen kuwa, allurar rigakafi daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. A Vom, kusa da Jos, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a 1924 tana yin wannan allura. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ta kan daina yaɗuwa a wurin.

Dokar Musa, a Fitowa sura 21, ta yi hukunci a kan san da aka sani da tunkuyi, aka faɗakar da mai shi, bai tsare shi ba, har ya kashe mutum: alhakin yana wuyan mai san. Haka yake ga mai kare. A Tudun Wada katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, da yawansu Musulmi ne, waɗanda ba sa son kare ya lashi kwanonsu ko ya raɓi tufafin da za su yi salla da su. Sakin kare ya bi layi da asuba, lokacin da mutane suke tafiya masallaci, ko barinsa yana haushi dare farai kusa da tagar mara lafiya, rashin ƙaunar maƙwabci ne, kuma mun san yadda ƙaramin abu yake zama babbar fitina a garuruwanmu. Su ma yaranmu a hana su jifan karen da suka gani a hanya. Marigayi Fafaroma Francis, a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta, ya yi kashedi cewa muguntar da aka saba yi wa dabba ba ta tsayawa a kan dabba, ta kan kai ga mutane.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya sa wannan magana ƙarƙashin doka ta bakwai, daga sakin layi na 2415 zuwa 2418. Ya yarda mutum ya mori dabba, ya sa ta aiki, amma ya koyar cewa tana bin mu bashin kirki, kuma wahalar da ita ba dalili yana zubar da mutuncin ɗan Adam. Ya kuma ja iyaka ta ɗaya gefen: bai dace a kashe wa dabba kuɗin da ya kamata a rage wahalar mutane da su ba. Don haka ba a ce ku sayo wa kare abincin gwangwani alhali yaron da yake muku aike yana kwana da yunwa. Wanda ya auna ya ga ba zai iya ciyar da kare da yi masa allura ba, kada ya ɗauko. Wanda karyarsa take haihuwa kowace shekara ba shi da inda zai kai 'ya'yan, ya je Samaru ya nemi a yi mata aikin tsai da haihuwa, maimakon ya ɗaure su a buhu ya jefa a Kubanni. Karen da ya tsufa a gadin gidanku, ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, kada a kore shi bola.

Ina roƙon katekis da shugabannin Zumuntar Mata, sa'ad da kuke ziyarar gidaje kafin 4 ga Oktoba, ku tambayi duk mai kare ya nuna muku katin allurarsa, ku kuma duba kaskon ruwan. Malaman katekizim su koya wa yara cewa ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In baƙon kare ya nufo su, su tsaya cik, hannu a jiki, ido a ƙasa, kada su ruga. In kuwa ya cije su, ko da yakushi ne, su faɗa wa babba nan da nan, ba wanda zai doke su don sun faɗa.